Buroshin da aka ƙara wa wuta

A kasuwar Terminus ta Jos na saye shi, wurin wani yaro mai tura baro cike da tocila, caja da abin yankan farce. Buroshin goge haƙori ne mai aiki da batiri ɗaya, irin na rimot. Yaron ya danna maɓalli ya ɗora min a tafin hannu, na ji yana zillo, nan take na fara ganin kaina a sahun mutanen Rayfield, unguwar masu hannu da shuni. Ko leda ban karɓa ba, a aljihun gaba na soke shi don jama'a su shaida.

Lafiya lau muke har hunturu ya shigo. Wanda ya taɓa ɗaukar buta da asuba a Jos cikin Disamba ya san zancen. To batiri ma sanyi na kashe masa jiki, domin sinadaran cikinsa ba sa motsi da kuzari in gari ya ɗau sanyi. Ga shi saboda tsimi na sa masa mai caji, wanda ƙarfin wuta bolt 1.2 yake bayarwa, alhali na yarwa 1.5 ne. Buroshi ya koma nishi. In na ɗan danna shi a haƙoran ciki sai ya tsaya cak, sai na ɗaga ya ci gaba.

Uwargida ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baban yara, ai hannunka ya fi shi sauri. Ka koma wa aswakinka mana."

Wannan maganar ce ta kai ni titin Dilimi, shagon wani mai gyaran rediyo da kowa ke kira Injiniya. Ya ɓalle gindin buroshin ya nuna min abin da ke ciki, wallahi ba komai: ɗan inji da bai kai kan yatsa ba, an maƙala masa ɗan ƙarfe a karkace. In ya juya, nauyin ya rinjaya gefe ɗaya, shi ne rawar da ake ji. Irinsa ne ke sa waya karkarwa. Ya kankare tsatsar da ta kama inda batiri ke taɓawa, ya sa sabo, buroshi ya farfaɗo.

"Alhaji, shi ke nan, kawo na shayi."

Na ce ban zo Dilimi don buroshi ya farfaɗo kawai ba. Mene ne ke ƙara gudu? Ya ce wuta, gwargwadon bolt gwargwadon juyi. Ya jawo durowa ya fito da wani batirin litiyom mai lamba 14500. Tsawonsa da kaurinsa daidai da na rimot, amma bolt 3.7 ne, in ya cika caji har 4.2.

"Sai dai fa Alhaji, don 1.5 aka ƙera injin nan."

Na ce, "Injiniya, a ƙara masa wuta." Mutumin da ya zauna a gari mai sanyi yana da haƙƙin ya gama goge baki da wuri ya koma cikin bargo. Har gobe a kan wannan nake.

Washegari Juma'a. Na matsa makilin, na danna maɓalli tun buroshi bai shiga baki ba. Ban ga tafiyar makilin ɗin ba, isowarsa kawai na gani: a madubi, a gemuna, a silin, da kuma farar shaddar da uwargida ta goge da dutsen gawayi ta rataye a ƙofa. Na sake matsa wani, wannan karon na rufe baki a kansa kafin na danna.

Jama'a, ƙarar injin markaɗe ce, amma a cikin ƙoƙon kaina. Hancina ya hau ƙaiƙayi, hawaye na zuba, na dubi madubi na ga mutum biyu kowanne na rawa. Likitocin haƙori sun ce a yi minti biyu, safe da dare. Ni ko Fatiha ba a isa karantawa ba a lokacin da na jure. Gidan haya muke, bango ɗaya da maƙwabci, sai ga shi yana buga ƙofa da caja a hannu.

"Malam, an kawo wuta ne a layinku? Na ji kana aski."

Na buɗe baki in amsa, buroshi ya suɓuce. Da ya faɗi a siminti bai kwanta ba, tafiya ya kama yi, yana zagaye yana nufar tsakar gida. Kajin mai gida suka watse. Autana ya bi shi da gudu yana ihu, "Baba, motarka ta gudu!" A gindin randa aka cim masa, ya yi zafi, yana warin roba. Siririyar wayar tagullar da aka naɗe a cikin injin ba ta iya ɗaukar wannan wutar ba, ta ƙone. Ya yi wani ɗan tari, ya yi shiru.

Uwargida ta taɓa jin cewa irin batirin nan na kamawa da wuta in ya yi zafi, don haka da muciya ta tura shi har waje. Ba ta ce uffan ba a kan shaddar. Shayi ta kawo min da soyayyen dankali, ta zauna tana kallon yadda nake tauna da gefe ɗaya, saboda dasashina duk ya kumbura. Da tsohuwar kaftani na tafi masallaci, ina amsa gaisuwa da ka.

Bayan an sauko na wuce wurin Injiniya. Ya shinshina, ya girgiza kai, ya ce inji ya riga mu gidan gaskiya. Amma yana da na tsohon DVD, wanda ke turo tire waje, shi bolt 5 ma ba ya damunsa. Matsalar ɗaya, ba zai shiga cikin mariƙin ba, sai an yanko bututun ruwa an yi masa sabon gida, kuma zai ɗan yi nauyi, hannu biyu za a riƙa sawa.

Na ba shi kafin alƙalami. Uwargida na zaton kuɗin wankin shadda ne.