Alhaji da Fom ɗin Rakiya

HEDIMASTA: Alhaji, mun gode da ka ba da sunanka cikin iyayen da za su raka yara gidan namun daji. Ga fom, a cike mana.

ALHAJI: Fom ɗin me kuma? Ai na ce zan je. Maganata ita ce fom.

HEDIMASTA: Na tantancewa ne. Duk wanda zai riƙa mana yara, sai an duba ko an taɓa samun sa da laifi.

Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya waiwaya bayansa ko da wani ake. Ba kowa sai kalanda.

ALHAJI: Hedimasta, wa ya sayi fankar nan da ke kaɗawa a kanka?

HEDIMASTA: Kai ne, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri.

ALHAJI: Ka tantance ta kafin ta fara ba ka iska?

HEDIMASTA: Ai fanka ba za ta raka yaro banɗaki ba, Alhaji.

ALHAJI: Ɗana na cikin yaran nan! Ni na raɗa masa suna, ni ke biyan kuɗin makarantarsa. Yanzu sai na nemo takarda kafin in riƙe masa hannu?

HEDIMASTA: Naka ɗaya ne. Sauran duk na mutane ne.

Ana haka Malam Na-Sani ya leƙo. Ba wanda ya kira shi, dama ba a taɓa kiran sa ba.

NA-SANI: Gafaranku dai, na ji ana zancen tantancewa. Ai Alhaji, a Ingila hukuma guda ce sukutum mai duba tarihin laifin masu aiki da yara, DBS, da aka kafa a 2012. Kafin ita akwai wata irinta, CRB, tun 2002.

ALHAJI: Wa ya tambaye ka?

NA-SANI: Kuma akwai dalili. A 2002, a garin Soham, mai kula da ginin wata makaranta ya kashe yara mata biyu 'yan shekara 10. Binciken da gwamnati ta sa aka yi a 2004, wanda ake kira binciken Bichard, ya gano an sha kai ƙarar mutumin wurin 'yan sandan wani yanki, amma bayanin bai isa ga masu ɗaukar sa aiki ba.

Ofis ya yi tsit. Shi kansa Alhaji ya yi salati, kuma har zuci ya yi shi. Amma girman kai ba ya daɗewa a durƙushe.

ALHAJI: Allah ya kiyaye. To ni na yi muku kama da shi?

NA-SANI: Shi ma ai bai yi kama da shi ba.

ALHAJI: Miƙo fom ɗin in gani. "Cikakken suna." Wannan ɗan akwatin? Ina zan sa Alhaji, ina zan sa Dakta, ina zan sa Uban Ƙungiyar Iyaye?

HEDIMASTA: Sunan yanka kawai suke so.

ALHAJI: Sunan da ko ni na manta rabon da in ji shi? "Sunayen da ka taɓa amfani da su." Wannan tonon asiri ne. "Adireshi."

NA-SANI: A Ingila na shekara 5 da suka wuce ake rubutawa, gida bayan gida.

ALHAJI: To a ƙaro takarda, ni gidajena ba sa ƙirguwa. "Ranar haihuwa." A'a. Nan kam a'a.

Nan gizo ke saƙar. Shekara da shekaru Alhaji na zaune daram a kan arba'in da biyar, ƙannensa biyu har sun wuce shi.

HEDIMASTA: Ba mai gani sai masu binciken.

ALHAJI: Haka ake cewa.

NA-SANI: A jihar Kwinslan ta Ostareliya ma har kati ake ba masu aiki da yara idan sun tsallake. Shuɗi.

ALHAJI: Kati? Mai hoto?

NA-SANI: Da sunanka a jiki.

ALHAJI: Akwai na zinare?

HEDIMASTA: Mu dai ba ma ba da kati.

ALHAJI: Ka gani! A tona ka kyauta, ko abin ratayawa babu. Kuma ni in tambaye ku, takardar nan me take nunawa?

NA-SANI: Abin da hukuma ta rubuta a kanka.

ALHAJI: Wanda ba a taɓa kamawa ba fa?

NA-SANI: Tasa fara tas.

ALHAJI: Ato!

Hedimasta ya sosa ƙeya, don nan Alhaji ya taɓo gaskiya, ko da bisa kuskure ne. Shi ne kuma mutumin da ya aika wa iyaye saƙo har sau ba adadi yana roƙon a taimaka a zo rakiya, ga shi wanda ya amsa kiran yana neman ficewa.

ALHAJI: Shi ke nan, don yara zan cike. Yaushe sakamako zai fito?

HEDIMASTA: Ya danganta. Wani lokaci 'yan kwanaki, wani lokaci makonni.

ALHAJI: Tafiyar fa?

HEDIMASTA: Jibi.

ALHAJI: Wato zakuna su jira?

NA-SANI: Akwai mafita. A Ingila, mai taimako na sa kai na yini ɗaya da ke ƙarƙashin idon malami koyaushe, ba dole ne a yi masa binciken ba. Sharaɗi dai kada a bar shi shi kaɗai da yara.

HEDIMASTA: Yauwa! Sai mu sa ka a rukunin Malama. Duk inda ta sa ƙafa, nan za ka sa. Za ka sa riga mai ƙyalli irin ta yara, in an zo ƙirga kawuna a ƙirga da kai.

ALHAJI: Ni? Malamar da aka haifa a gabana?

HEDIMASTA: Ita an tantance ta.

ALHAJI: In ina son zagayawa fa?

HEDIMASTA: Sai ka ɗaga hannu.

Alhaji ya miƙe, ya tattara rigarsa, ya kai bakin ƙofa, ya dawo.

ALHAJI: Rigar nan mai ƙyalli, ana iya rubuta "Shugaban Tawaga" a bayanta?

HEDIMASTA: An riga an rubuta "Aji Biyu".