Komai a Wurinmu Sanyi Ne, Har Sai An Shiga da Mu Tiyata

Ranar Asabar na je asibiti dubo 'yar ƙanwar mahaifiyarmu, daga can na wuce gidan wunin biki. Har yanzu raina bai daina ɓaci ba, shi ya sa na ce bari in yi mana magana, mu mata, musamman ku ƙannena da ba ku daɗe da shiga ɗaki ba.

Yarinyar nan shekararta 24, aurenta shekara 3, wannan ne cikinta na fari. Ana cikin murna, ashe cikin bai sauka mahaifa ba, a bututun ƙwai ya tsaya. Da asuba bututun ya fashe, aka kwashe ta ranga-ranga, aka yi tiyata aka cire shi, aka ƙara mata jini leda biyu. Likitar ta ce ɗaya bututun ma akwai tabo a jikinsa, irin wanda tsohon ciwo yake bari. Da na je ɗakinta ɗauko mata zani, a ƙasan durowa na tarar da robobin maganin sanyi har shida, wani baƙi kamar ruwan kwata, wani ya yi tsami murfin ya kumbura, ga fankon Flagyl da Ampiclox an cusa a leda. Shekara uku tana sha, ko sau ɗaya ba a taɓa gwada ta ba.

Ina isa gidan bikin kuma sai ga mai kayan mata ta baje jarkoki a bakin rumfa, tana cewa nata yana kashe sanyi kowane iri, na mara, na ƙashi, na gado, ko ya shekara goma. Mata masu digiri, da leshi da gwal, sun yi layi suna tura mata kuɗi ta waya. Ba wadda ta tambaye ta me ke ciki.

Wai mu me ya sa komai sanyi ne? Ƙaiƙayi sanyi, ruwa ya canza launi sanyi, ciwon mara sanyi, ciwon baya sanyi, rashin haihuwa sanyi, har miji ya daina fara'a sai a ce sanyi ne. Mun tara cututtukan da ba su haɗa hanya ba mun sa musu suna ɗaya, muna yi musu magani ɗaya. Laluben duhu ke nan. Wani ƙaiƙayin ba ya rasa nasaba da maganin kashe ƙwayoyin cutar da kike ta sha, kina ƙara sha yana ƙaruwa, an sayar da kare an sayi biri.

A cikin tarin nan akwai wadda ake kira kilamidiya, ita ce ta fi ba ni tsoro. Hausawa sun ce jiki magayi, to wannan ba ta bari jiki ya gaya miki. Yawancin matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, ba wari, ba zafi. A hankali take hawa daga bakin mahaifa zuwa bututun ƙwai, ta kumbura shi, ta bar tabo, tabon ya toshe hanya. Daga nan sai a yi ta jiran ciki shiru, ko ya shiga ya tsaya a hanya. Idan mai ciki ta haihu da ita, jariri na iya kwasa a ido ko a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa kusan miliyan 129 a duniya. Kuma don Allah a daina ɗora wa masai laifi. Ba a ɗaukar ta a banɗakin makaranta ko na gidan biki, ta hanyar saduwa ake ɗauka.

Na san a nan za a fara tsuke baki, a ce ni matar aure ce, ko ni a budurwa aka kai ni. Ba wanda ya ce kin yi wani abu. Mijin da ya yi aure-aure, ko ya auro bazawarar da ita ma wani ya shafa mata ba ta sani ba, shi zai zagaya da ita ɗaki-ɗaki, shi ma bai jin komai. Sai uwargida ta ce amarya ta kawo mata sanyi, amarya ta ce an yi mata asiri an ɗaure mahaifa, a kwashi kuɗi a kai wa boka. An bar jaki ana dukan taiki. Ke kina ta ɗirkar jarka, maigida ko ƙwaya ɗaya bai haɗiya ba, ko da maganin gaskiya kika sha, ranar girkinki zai dawo miki da ita. Su kuma mazan da sai dai su ce "ki je ki nemi magani" suna danna waya, nasu zaman daban ne, zan zo kansu.

Uzurin da na fi ji shi ne kunya, ba za ta iya kwanciya wani ya duba ta ba. Na yarda da kunya, ado ce. Amma wannan kunyar ba ta hana ki tura wa wata baƙuwa a Instagram saƙon murya kina zayyana mata sirrin shimfiɗarki ba, matar da ko sunanta na gaskiya ba ki sani ba. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wadda ta ƙi minti biyar a ɗakin likita, ranar tiyata mutum nawa ne a kanta?

Uzurin ma ya fara ƙarewa. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince mace ta ɗebi samfurin gwajin kilamidiya da hannunta. Ɗan tsinke ne mai auduga a kai, ki shiga banɗaki ke kaɗai, ki saka shi kaɗan, ki juya, ki mayar cikin robarsa ki rufe. A Ingila 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 25 ta gidan waya ake aiko musu da kayan kyauta, su mayar, sakamako ya same su a waya. A Amurka kuwa, a watan Maris na 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, wato FDA, ta ba da izinin sayar da wata 'yar na'ura ta kamfanin Visby da mace za ta yi gwajin gaba ɗaya a ɗakinta, cikin kamar rabin awa ta ga sakamakon kilamidiya da wasu cututtuka biyu. Mu a nan ko na'urar ba ta zo hannunki ba, bakinki bai ciwo, ki tambaya ko za a bar ki ki ɗeba da kanki. Amma ki kira sunan cutar, ki ce gwajin kilamidiya na PCR kike so, wato wanda ke gano ƙwayar halittar cutar, domin gwajin ruwan gaba da aka saba yi, wanda ake shukawa a jira kwana uku, ba ya kama ta. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, na rukunin jini da ƙanjamau da ciwon hanta, shi ma ba ruwansa da ita. Tsinken nan mai arha irin na gwajin ciki da ake tallatawa kuwa, sau da yawa yana cewa babu alhali akwai. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi ƙona min rai, idan an gano ta da wuri maganinta na kwana 7 ne, mai ciki kuma akwai nata daban. A sha tare da miji da abokan zama, a haƙura da juna har a gama, bayan wata 3 a sake gwaji. Da gangan na ƙi faɗin sunan maganin, don na san halinmu, kafin magariba an aiki yaro kemis. Tabon da ya riga ya zauna kuwa, ƙwaya ba ta goge shi.

Za a kashe dubu ɗari biyu a gyaran amarya, a yi dilka, a yi turare, a dafa kaza da tattabaru, a cusa mata matsin da ba a san kansa ba, amma kuɗin gwaji ɗaya sai a ce babu. Da can ba haka muka taso ba. Kakarmu ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa ba wa yarinya jiƙo ba sai ta zaunar da ita ta tambaye ta yaushe ya fara, yaya launinsa, mijinki fa lafiyarsa ƙalau? Idan abin ya fi ƙarfinta da kanta za ta yafa mayafi ta raka ki asibitin mata. Mai magani a unguwa an san gidanta, an san iyayenta, in ta cuci 'yar wani ba ta da fuskar shiga suna. Yanzu iyaye mata da kansu suke tura wa 'ya'yansu lambar mai jarka, goggonni kuma sai tambayar "har yanzu shiru?"

Jiya na koma asibitin. An cire mata robar fitsari, ta fara takawa tana dafe da ciki. A kan lokar gefen gadonta, kusa da fulas ɗin kunu, akwai wata sabuwar jarka a baƙar leda. Surukarta ce ta aiko, wai ta fara sha da zarar an sallame ta, don a wanke sauran sanyin.