Manyan Gidajen Birnin Kebbi: Ranar Sayarwa Ake Gane Kuskuren Gini

A Birnin Kebbi babu kadarar da ta kai babban gida wuyar rabuwa da ita. Fili a Gesse ko a hanyar Kalgo, in dai takardunsa sun cika, ba ya daɗewa a hannun dillali. Gida mai ɗaki uku da falo ma yana samun mai so cikin ma'aikata da matsakaitan 'yan kasuwa. Amma benen nan mai falo huɗu, da doguwar katanga, da ƙofar ƙarfe mai tura kanta, sai ya shekara yana jiran mai tayi, ciyawa ta cinye harabarsa, maigadi kaɗai ke kwana a ciki. Ni a ganina laifin ba na kasuwa ba ne kaɗai. Yadda muke gina waɗannan gidaje da yadda muke ɓoye sayar da su ne ke karya darajarsu, kuma yawanci magada ne ke kwasar asarar.

Masu iya sayen irin wannan gida a jihar nan ba su da yawa. Tun da aka ƙirƙiro Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, manyan kuɗin da ke yawo a babban birnin daga wurare ƙalilan suke fitowa: muƙamin gwamnati, kwangila, fataucin kan iyakar Nijar da Benin, sai kuma shinkafa, musamman bayan da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a nan Birnin Kebbi a 2015, masana'antun casar shinkafa irin su Labana da WACOT ta Argungu suka bunƙasa. Mutanen da suka samu a waɗannan hanyoyi sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza. Da yawansu suna da gida a Abuja ko Kaduna. Wanda kuma yake son gida a nan, ya fi son ya sayi fili ya gina nasa, domin a garinmu gida ba ya sauya suna da sauƙi. Ka saya ka yi fenti, ka sauya ƙofa, shekara goma ana kwatance da "gidan Alhaji wane", wato wanda ya gina. Mai kuɗi ba ya son ya zuba miliyoyi ya zauna ƙarƙashin sunan wani.

Bashin sayen gida ma ba ya cike wannan giɓi. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa dominsa, don gidan ma'aikaci aka yi shi, a jihar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 75,000 a 2024. Bashin bankunan kasuwanci kuwa ruwansa ya yi yawa, kuma mutane da dama suna gudunsa saboda riba. Saboda haka duk wanda zai sayi babban gida, daga aljihunsa zai biya, gaba ɗaya ko kashi biyu.

Kasuwa mai ƙarancin masu saye tana buƙatar a fito da haja fili. Mu kuma akasin haka muke yi, domin a wurinmu sayar da gida alamar karayar arziki ce. Sai bayan isha'i Alhaji zai aika a kira masa dillalin da ya yarda da shi, a zauna a falon baƙi, a rufe ƙofa. "Malam, gidan nan na GRA nake son ka nemo mini mai saye, amma don Allah kada ya fita." Dillali ya ce, "An gama, ranka ya daɗe, daga ni sai kai." Shi kuma bai san mai kuɗin da zai iya saye kai tsaye ba, dole ya gaya wa wani dillali, wancan ya gaya wa yaron wani babban mutum. Kowa a cikinsu yana ɗora nasa a kan farashi, tun da babu rubutacciyar la'ada da zai dogara da ita. A ce mai gida ya yanka miliyan 150. Kafin maganar ta isa kunnen mai saye ta zama 180, a wani bakin 200. Mai saye ya ji farashi uku a kan gida ɗaya, ya tabbata akwai lauje cikin naɗi, ya janye. Sirrin da ake gudun tonuwarsa ya riga ya zagaya gari, gidan kuma ya yi suna da cewa ya yi kwantai, duk wanda ya zo daga baya tayin wulaƙanci zai yi.

Shi kansa farashin da mai gida ke yankawa, daga lissafin gini yake ɗauko shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, siminti da rodi da tayil da kwano duk sun yi tashin gwauron zabi. Mai gida sai ya zauna ya lissafa abin da zai kashe in yau zai sake gina irinsa, ya ce kuɗin gidansa ke nan. Ina fahimtar zafin da yake ji, amma mai saye ba ya biyan kuɗin sha'awar wani. Silin mai hawa uku da fitilu masu launi, da ginshiƙan ado a bakin ƙofa, da bangon gilashi da ke kallon yamma, duk an kashe musu kuɗi sosai, kuma a hoto suna da kyau. Shiga falon da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wuta ta ɗauke. Gilashin ya tara zafi, tagogin ba sa buɗuwa sosai saboda an yi su ne don na'urar sanyaya ɗaki, babu bishiya ko ɗaya a harabar domin an shafe ta da siminti har bakin katanga. Wanda ya san garin zai tsaya a nan yana lissafin man dizal na wata.

Abin da mai saye na gaske ke tambaya daban ne. Rijiyar burtsatsen tana ba da ruwa a bazara? Akwai sola, kuma batiran na yaushe ne? In an yi ruwan Agusta, mota tana shigowa layin, ko sai an ajiye ta a bakin titi? Baƙi maza za su iya shiga falonsu ba tare da sun ratsa sashen iyali ba? In yana da mata biyu, sassan sun yi daidai ko ɗaya ya fi ɗaya? Zanen da aka kwafo daga Maitama ko Dubai ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya sa za ka ga tsohon gida mai zaure da faɗin tsakar gida da darbejiya biyu ya riga sabon bene samun ciniki.

Sai takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filayen birni a hannun gwamna, kuma sayar da gidan da ke da takardar mallaka ba ya cika a doka sai da amincewarsa. Gidaje da yawa masu tsada suna zaune a kan takardar rabon fili kawai, ko a kan sunan wanda aka saya a hannunsa shekaru ashirin da suka wuce, ga bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 kuma ta haramta wa mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani miliyan 10, kuma dillalan gidaje suna cikin waɗanda dole su yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Zamanin kawo kuɗin gida a buhu ya kamata a ce ya wuce.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ranar da mai gidan ya kwanta dama. Mutum ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha huɗu, kuma mafi yawan dukiyarsa tana cikin bene ɗaya. Matan za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, ɗa namiji ya ɗauki rabon 'ya'ya mata biyu, wannan a bayyane yake a shari'a. Amma ta ina za a yanka matakala ɗaya, kicin ɗaya, ƙofa ɗaya? Dole a yi wa gidan kuɗi. Babban ɗa ya riƙe farashin da ya ji mahaifinsu yana faɗa, ya ce ba za a sayar da gidan Baba a wulaƙance ba, alhali shi ne ke zaune a ciki da iyalinsa. Amarya tana da ƙananan yara da kuɗin makaranta a gabanta, tana son a sallama ko nawa ne. 'Yan matan da ke gidajen aure kunya ta hana su magana, kada a ce sun kai ƙarar yayansu. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun tanadi shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya ya riga bare sayen rabon ɗan'uwansa, to amma wa ke da kuɗin fansar rabon mutum goma sha biyar? Shekaru suna wucewa, kwano ya fara yoyo, gara ta shiga katako, silin ya rufto. A ƙarshe a ba wa wata makarantar kuɗi haya, ko a sayar da shi a farashin fili. Na ga Hajiyar da mijinta ya bar gidan da kowa ke nunawa da yatsa, ita kuma tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a wani ɗan sashe don ta riƙe marayu, rabonta yana maƙale a bangon da ba za ta iya ci ba.

Za a ce dukiyarsa ce, ya gina abin da ya ga dama. Haka ne, ba kuma ina ƙyashin mai wadata ya ji daɗin gidansa ba. Amma mai iyali da yawa da ya gina sassa huɗu masu cin gashin kansu a fili ɗaya, kowanne da ƙofarsa da mitarsa, ya ji daɗin zama yana raye, ya kuma bar abin da alƙali zai iya rabawa a zama ɗaya, ko a sayar da sashe guda a bar sauran.

Wanda kuma ya riga ya gina yana son sayarwa, ya kira ƙwararren mai ƙiyasta darajar gidaje mai rajista ya faɗa masa gaskiyar abin da kasuwa za ta biya, ko da ba za ta yi masa daɗi ba. Ya zaɓi dillali ɗaya, a rubuta la'adarsa da wa'adinsa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da kafa shaida a ciniki. Ya faɗi aibin gidan da bakinsa, ko tsagewar bango ce ko ruwan da ke kwanciya a bayan katanga, domin mai saye zai gano, kuma ranar da ya gano da kansa duk sauran maganar mai gidan ta zube.

Gwamnatin jiha ma tana da nata aikin. Idan neman amincewar gwamna ya zama abu mai sanannen farashi da sanannen wa'adi, mutane za su daina sayar da gidan miliyoyi da takardar hannu. Kotunan shari'a da ke rabon gado kuma su riƙa sa a kawo ƙiyasin ƙwararre tun a zaman farko, su yanka wa magada lokacin fansa ko sayarwa, wanda ke zaune a gidan kuma a lissafa masa haya a cikin rabonsa daga ranar da aka fara shari'ar.