Barista, in ba ka iya shari'ar hatsari ba ka faɗa mana tun farko

Wallahi abin da wasu lauyoyi ke yi wa mutanen da suka ji rauni a garin nan na Abuja ya isa haka. Mutum yana kwance ƙafa a karye, an sa masa ƙarfe, iyalinsa na neman na abinci, ya ɗauki amanarsa ya ba ka, kai kuma da zarar kuɗin buɗe fayil sun shiga asusunka shi ke nan sai ka koma kamar ruwa ya cinye ka, a kira ba ka ɗauka, a tura saƙo a WhatsApp ka karanta ka yi shiru, in an yi sa'a ka amsa kalma biyu ce, "ina kotu". Kullum kana kotu? Har ranar Lahadi?

Ƙanina ne tifa ta wani kamfanin gine-gine ta buge a hanyar Kubwa zuwa Zuba, yana dawowa daga kasuwar Dei-Dei inda yake ɗan sayar da kayan gini. Wani makwabci ya haɗa mu da lauya, ya ce ai shi ya karɓo masa filinsa da aka so cinyewa. Muka je, mutumin ya tarbe mu da fara'a, ya ce Alhaji kada ka damu wannan ƙaramin aiki ne. Ashe duk rayuwarsa aikin takardun fili da rikicin haya yake yi, bai taɓa riƙe shari'ar rauni ba, kuma bai ga ya dace ya faɗa mana ba. Ni wannan shi ya fi ƙona mini rai. Ba laifi ba ne a ce ba fanninka ba ne, likitan ido ma ba ya ɗorin ƙashi, sai ya tura ka wurin mai yi. Laifin shi ne ka karɓi abin da ka san ba ka iya ba saboda kada kuɗin su wuce ka.

Kuma shari'ar rauni tana da nata tsarin da in aka kuskure shi tun farko an yi asara. Da wuya kotu ta sa a biya ka kuɗin magani don kawai ka rantse ka kashe, ana son ka kawo rasit ɗaya bayan ɗaya, da rahoton likita, da rahoton 'yan sanda na hatsarin. Ba wanda ya gaya mana. Matar ƙanina tana tara rasitan kemis a cikin wata baƙar leda a gefen gado, da aka sallame su daga asibiti ta haɗa da tarkacen kwalayen magani ta zubar, don ba ta san takardun nan kuɗi ba ne. Ga kuɗin mai ɗorin gargajiya da aka fara kai shi, wannan dama babu rasit. Da lauyan ya yi mana magana ɗaya tak a ranar farko, ku adana kowace takarda, da ba a yi wannan ɓarnar ba.

Sai batun inshora. Doka ta tilasta wa kowace mota da ke hawa titi ta mallaki inshorar da ke biyan wanda aka buge, tun Janairun 2023 ma hukumar kula da harkar inshora ta NAICOM ta ɗaga kuɗin na ƙananan motocin gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, kuma a Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara tsananta kama marasa ita. To amfanin wa ake karɓar kuɗin nan in ba irin su ƙanina ba? Da na tambayi barista ko ya rubuta wa kamfanin inshorar tifar, sai ya ce "za mu zo wurin". Ko sunan kamfanin bai nema ba.

Ga lokaci yana tafiya, shi kuma ba ya jiran kowa. A nan Abuja shekara uku ce doka ta ba wanda aka raunata ta hanyar sakaci ya shigar da ƙara, in kuma jami'in gwamnati ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta rage wa'adin zuwa wata uku kacal. Wata uku fa! Mutum bai ma fara taka ƙafa ba. Wanda kuma ya ji rauni a wurin aiki yana da wata hanya daban, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, lebura nawa ne a wuraren gine-ginen Abuja aka taɓa yi wa wannan bayanin?

Na san kotuna na da nasu jinkirin, ba na ɗora wa lauya wannan. Ana ɗaga shari'a, alƙalai na tafiya dogon hutu, a 2021 ma'aikatan shari'a sun rufe kotuna sama da wata biyu suna yajin aiki. Amma in an ɗaga, me zai hana ka ɗauki waya ka ce Malam an ɗaga zuwa rana kaza saboda kaza? Mun taɓa ɗauko ƙanina da sandunansa a motar haya tun da asuba, aka tallafe shi ya hau matattakala yana gumi, muka zauna a benci har rana ta take, sai wani yaron ofishin lauyan da ba mu taɓa gani ba ya zo ya ce ai yau ba za a zauna ba, oga ya sani tun jiya. Kuma duk da haka aka nemi kuɗin zuwa kotu.

Irin wannan halin ne ke sa mutanenmu su gwammace a sasanta a ofishin 'yan sanda, a miƙa musu ɗan abin da ko kuɗin ɗaukar hoton ƙashi bai kai ba, a ce a yi haƙuri ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma diyya ma haƙƙi ce, addini bai hana wanda aka naƙasa karɓar ta ba.

Yanzu mun nemi lauyan ya ba mu fayil ɗinmu mu kai wa wanda ya san aikin, nan ma sai gobe sai jibi. In bai bayar ba a satin nan zan rubuta takardar koke in kai wa ƙungiyar lauyoyi ta NBA reshen Abuja, in ta kama a kai har gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi a kai, da hoton duk saƙonnin da ya karanta ya ƙi amsawa.