A daina jawo sunan He Jiankui cikin kowane aikin CRISPR

Tun da Cibiyar Allen da gidauniyar Chan Zuckerberg da Jami'ar Washington suka haɗa hannu a ƙarshen 2023 suka buɗe cibiya a Seattle ta Amurka, don koya wa ƙwayoyin halitta rubuta tarihinsu a cikin DNA, duk inda maganar ta taso sai wani ya jawo sunan He Jiankui. Shi ne masanin China da ya gyara DNA ɗin wasu tagwaye tun suna tayi da CRISPR, wato dabarar yanka da gyara DNA, ya sanar a 2018, kotu ta ɗaure shi shekara 3. Ɓarna ya yi, ɗaurin kuma ya dace da shi. Amma mayar da sunansa sandar dukan duk wani aikin da aka ambaci CRISPR a cikinsa ragwancin tunani ne, kuma abin ya ishe ni.

Masu wannan ihu ba su ma tsaya sun tambayi ciwon da ake nema wa magani ba. Yawancin hanyoyin auna abin da ke gudana a cikin ƙwayar halitta sai an fasa ta tukuna. Za ka san halin da take ciki a daidai lokacin da ta mutu, amma abin da ya same ta jiya, da wadda ta haife ta, ya tafi ke nan. Masanin Birtaniya John Sulston ya zauna ya bi rabuwar ƙwayoyin wata 'yar tsutsa da idonsa ta na'urar hangen ƙananan halittu, aka kammala taswirar a 1983. Tsutsar nan ƙwayoyin jikinta 959 ne kacal, kuma ana ganin cikinta tar. Jikin mutum yana da sama da tiriliyan 30. Wane ido ne zai bi wannan?

Dabarar ita ce a dasa wani guntun DNA da ba ya aikin komai a jiki, a sa Cas9, almakashin CRISPR, ya riƙa yanka shi. Duk sanda ƙwayar ta ɗinke yankan sai ta bar tabo, 'ya'yanta su gaji tabon su ƙara nasu, kamar littafin da ake kwafa da hannu, inda kuskuren mai kwafar farko yake bin duk kwafin da ya biyo baya, har a gane wanne ya fito daga wanne. Da wannan ne masana Jay Shendure da Alexander Schier suka nuna a 2016 cewa yawancin ƙwayoyin gaɓoɓin wani ƙaramin kifi daga 'yan kakanni ƙalilan suka fito. A 2018 David Liu ya sa ƙwayoyi suna rubuta cewa sun gamu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko haske, ko bairos. Tsarin farko yana da aibu, domin sabon yanka kan goge tsohon tabo, shi ya sa a 2022 ɗakin gwajin Shendure ya fito da abin da suka kira tafireta ta DNA, mai rubuta alamomi bi da bi, har a san abin da ya riga wani faruwa.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ciwon daji. Yaɗuwarsa zuwa wasu sassan jiki ita ce ke kashe yawancin masu fama da shi. A 2021 Jonathan Weissman da abokan aikinsa suka bi ƙwayoyin kansar huhu a jikin ɓera, suka ga zuriyar da ke saurin ƙaura da wadda ke zama wuri guda, da hanyar da suka bi. Wanda ya ce a jingine irin wannan bincike saboda laifin da wani ya yi wa jarirai, sai ya je ya faɗa wa mai jinya haka ido da ido.

Masu cewa shisshigi ne cikin halitta su sani bakteriya ce ta riga kowa. Asalin CRISPR ma'ajiya ce da take tara guntayen DNA na bairos ɗin da suka kai mata hari, a jere, don ta gane su in sun dawo. Su kuwa 'yan fasahar da suka ga an ajiye hoton doki mai sukuwa a jikin bakteriya a Harvard a 2017 suka fara mafarkin maye gurbin ma'ajiyar kwamfuta, ba su da abin da zai ɗauke mana hankali.

Duk ayyukan nan a kifi da ɓera da ƙwayoyin da ake reno a ɗakin gwaji aka yi su. Babu jaririn da aka taɓa. Inda doka za ta sa ido da gaske shi ne irin aikin Randall Platt, masani mai aiki a Switzerland, wanda ya sa bakteriya ta ratsa hanjin ɓera tana rubuta abin da ta tarar na abinci da kumburi. Wata rana za a so mutum ya haɗiyi irinta, kuma dole a san inda za ta in ta fita, da wanda ke da ikon karanta abin da ta rubuta. Hukumomi su raba dokar gyaran DNA da ake gada da ta kayan aune-aune, su zuba kuɗi a na biyun, su kuma fara rubuta ƙa'idar bakteriyar da za a haɗiya tun kafin kamfanoni su iso da ita ƙofar asibiti.