Bayin Allah da ke ƙasan teku, da abin da muka zuba musu

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A can ƙasan teku, inda hasken rana ba ya kaiwa, akwai bayin Allah marasa ƙashin baya: tsutsotsi, ƙananan jatan lande, murjani (wata dabba mai rassa kamar bishiya) da sauransu. Babu tsiro a wurin. To, me suke ci? Allah Ya sa abincinsu yana sauko musu daga sama. Ƙananan halittun da suka mutu a saman ruwa, da kashinsu, da yauƙin jikinsu, sai su dunƙule su riƙa gangarowa fari-fari kamar saɓin auduga. Wani dunƙulen sai ya yi makonni kafin ya taɓa ƙasa. Subhanallah! Wannan fa shi ne abin da Suratu Hud, aya ta 6, ta faɗa mana: babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta yana ga Allah, kuma Ya san matabbatarta.

Sai ɗan Adam ya sa hannu. Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ya yi bindiga a mashigin tekun Meksiko. Ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai ya yi kwana 87 yana kwarara daga zurfin kusan mita 1,500. Duniya ta ga tsuntsaye jiƙe da mai, ta tausaya. Abin da ido bai gani ba shi ne, man ya manne wa wancan abinci mai saukowa, ya bi shi har ƙasa, ya lulluɓe laka. Bayan watanni, masu bincike suka tarar da murjani a nisan kilomita 11 daga rijiyar, baƙin dauɗa ya rufe rassansa, namansa yana saɓulewa. Irin wannan murjani kan yi ɗaruruwan shekaru yana girma a hankali. Wallahi abin da ciwo: ta ƙofar arzikinsu guba ta shigo musu.

Allah Ya ce ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata (Rum, 41). Kada mu jingina laifin ga manyan kamfanoni kaɗai. Wanda ya juye baƙin mai a kwata, ruwa zai kai shi rafi, rafi ya kai shi gaba, ga wata halittar da ba ta da bakin kai ƙara. In mace ta shiga wuta saboda kyanwa ɗaya da ta tsare ta hana ta abinci, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, me za mu ce ranar da aka tambaye mu waɗannan?

Ya Allah, kada Ka kama mu da haƙƙin abin da muka cutar ba mu sani ba.