Masu cewa lissafi alli da allo ne kawai

Tun da hukumar TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta dakatar da tura malaman jami'o'i karatu ƙasashen waje daga watan Janairun 2025, gwamnati kuma ta biyo baya da soke tallafin BEA na tura ɗalibai karatu waje bisa yarjejeniya da wasu ƙasashe, wata magana ta kama bakin manya, kuma ita ce ke ci mini tuwo a ƙwarya. Wai ɗalibin lissafi ba shi da abin kuka, tunda karatunsa ba ya neman ɗakin gwaje-gwaje ko injuna masu tsada. Alli ne da allo, don haka ya shiga jami'ar da ta fi kusa da gidansu ya yi digirinsa na biyu ko na digirgir. Duk mai faɗin haka bai taɓa kwana da tashi da matsalar lissafi guda ta ƙi motsi wata da watanni ba.

Digirin digirgir a lissafi aiki ne na gano abin da ba a sani ba, sannan a kafa masa hujjar da ba ta da kafar ɓullewa. Babban abin da ɗalibi yake buƙata shi ne malamin da ya san inda bincike ya tsaya a wannan reshe, wanda zai ce masa wannan tambaya an daɗe da warware ta, waccan za ta cinye maka ƙuruciya ba ka kai ƙarshenta ba, ga wadda ta yi daidai da ƙarfinka. Mu da muka tashi muna ganin ana barin gari a tafi Zariya don ɗaukar nahawu a zauren wani malami takamaimai, bai kamata a tsaya yi mana bayanin wannan ba. Sashen da ke da gwanaye a aljebra yana iya zama kango ga mai son jomitiri, ko da kuwa sunan jami'ar ya cika duniya.

Kada a ce na raina na gida. Marigayi Farfesa Charles Chidume, wanda ya rasu a 2021, ya raini ɗalibai a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, wasunsu yanzu suna koyarwa a Jami'ar Bayero. Wanda ke son reshen da suka ƙware a kai, ya same su a Kano, ya yi dace. To amma rassan lissafi nawa ne, kuma nawa ne muke da irin wannan gida a cikinsu? Ga malami guda da tarin ɗaliban bincike a wuyansa, ga ajin 'yan aji ɗaya cike maƙil, ga aikin ofis. Ɗalibi ya kai babi ya yi ta sintiri kafin a karanta. A haɗa da yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022. Ƙarshenta a matsa masa ya buga takarda, shi kuma ya biya kuɗi a wata mujallar da ba mai tantance komai a cikinta, a naɗa masa rawanin dakta. Wannan shi ake kira karatu a gida ya wadatar?

Su kuwa masu buɗe jadawalin QS mai jera jami'o'in duniya bisa matsayi suna zaɓen jami'a da lamba, ko masu ganin duk inda aka hau jirgi aka je ilimi ne, ba su ma kai a yi jayayya da su ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mantuwa. Farfesa Iya Abubakar bayan ya yi karatu a Ibadan ya wuce Cambridge ya yi digirgir, ya dawo ya riƙe sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello, har ya zama shugabanta a 1975. Sassan da ake tinƙaho da su yau, waɗanda suka fita suka ɗauko ne suka gina su. Yanzu an rufe ƙofar, hujja wai tsadar dala da malaman da suka je suka ƙi dawowa. Don wasu sun ci amana, sai a hukunta yaron da bai ma gama hidimar ƙasa ba?

Kuma ba sai an kai kowa Ingila ba. Cibiyar nazarin lissafi ta AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, tana ba da digiri na biyu kyauta ga waɗanda ta zaɓa. Cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da masani Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana da tsarin da ɗalibi zai yi rajista a jami'ar gida, ya riƙa zuwa can na 'yan watanni wurin malami na biyu. Kamata ya yi TETFund ta zuba kuɗi a irin wannan, a kuma farfaɗo da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja, wadda dama don haka aka kafa ta.

Kafin hukumomi su farka, ɗalibin da takardun gurbi biyu ke hannunsa ya ajiye sunan jami'a gefe. Ya nemo abin da malamin da zai duba aikinsa ya buga a shekarun nan da mujallun da ya buga a ciki, ya tambayi tsofaffin ɗalibansa shekara nawa suka yi kafin su fita, ya kuma ji ko ana zaman ƙara wa juna sani a sashen kowane mako. Idan aka yi ta kame-kame wajen amsa, ya ɗauki ɗaya takardar.